Shatin Yatsu a Haƙarƙarin 'Yata

A shekarar da 'yata ta fara tafiya muna zaune a Sheshe, a gidan iyayen maigidana. Ni da shi muna ɗaki ciki da falo a ɓangaren yamma, Hajiya mahaifiyarsa tana ɗakinta mai kallon soro. Mahaifinsa ya rasu tun kafin a kawo ni gidan. Shi maigidan robobi yake sayarwa a Ƙofar Wambai, bokitai da baho da kofuna, idan ya fita da safe sai bayan la'asar. Ni kuwa ina gida, kuma a lokacin babu abin da ya ɗauke mini hankali kamar girke-girken da nake kallo a waya.

Cikin bazara ne, irin zafin nan da ko inuwa ba ta da daɗin zama, wani abokin cinikinsa ya kawo masa lemon tsami kusan rabin buhu daga gonarsu. Muka raba wa maƙwabta, muka matsa a kunu, muka matsa a zoɓo, amma kamar ba a taɓa shi ba. Da na ga ya fara laushi sai na tuna wani abu da na taɓa gani ana yi da ruwan lemo da ƙwai da sukari da bota, a dama shi a kan wuta har ya yi kauri, a shafa a burodi. Sunansa na Turanci bai zauna a bakin kowa ba a gidanmu, sai muka riƙa ce masa man lemo.

Gwajin farko ɓata kaya kawai na yi. Na ɗora tukunyar kai tsaye a kan gawayi, kafin in juya ƙwan ya dunƙule, ya zama kamar wainar ƙwai mai tsami. Hajiya ta leƙa tukunyar ta ce, “Wannan kuma wane irin magani ne?” Kaji ma sai da suka yi shawara kafin su ci. Daga baya na gane ba ya son wuta ta taɓa shi. Ruwa ake tafasawa a tukunya, a ɗora kwanon tangaran a bakinta, tururin ne zai dafa shi a hankali, hannu kuma ba ya barin cokali.

Ƙwan da nake amfani da shi a wurin Goggo nake samu. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, tsohuwa Bafulatana doguwa marar jiki, kowa a lungun Goggo yake ce mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda yana aiki a kudu, ita kaɗai take zaune da kajinta. Lokacin da nake amarya ban san kowa ba, ita ce take shigowa ta zauna da ni, ta nuna mini inda ake sayen gawayi mai kyau da gidan da ake niƙa. Da na haihu ita ta riƙa taya Hajiya dafa mini ruwan wanka.

Ranar da na yi niyyar gwaji na biyu na tashi da ƙarfina. Na ce kala biyu zan yi, na lemo zalla da na mangwaro, don lokacinsa ne, ko'ina ka duba tulinsa ne. Na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, na ɗauko abin gugar kuɓewa na goge koren bayan lemon, ƙamshi ya cika gidan har yana shiga ido. Na yayyanka, na riƙa matsewa da hannu a cikin kwano, ruwan yana bin yatsuna yana gangarowa har wuyan hannu. Na fere mangwaron, na murje shi a rariya don zaren ya fita. Ruwa kuma yana tafasa a kan kurfoti a gefena.

Ina cikin matsar ne yarinyar ta farka. Daga ita sai ɗan wando, don ƙurajen zafi sun hana ta zama da riga. Ban ji fitowarta ba, sai ganinta na yi tana tangaɗi ta nufi kurfotin, hannunta a miƙe. Na yi wurgi da lemon, na cafke ta ta ƙarƙashin hammata da hannu biyu, na ɗaga ta sama. Ta tsala ihu. Daidai nan Goggo ta yi sallama da ƙwai a ƙwarya.

“Kawo ta nan,” in ji ta. “Ba a aikin wuta da mai rarrafe a kusa. Zo mu je ki ga 'yan tsaki.”

Ta ajiye ƙwaryar, ta kama hannunta suka fita. Tsakar gidan Goggo babu rumfa babu bishiya, rana ce fetal, amma yarinyar tana son bin 'yan tsakin nan, can ta zauna har kusan azahar.

Ni kuwa aikina ya yi kyau yadda ban zata ba. Na kaɗa gwaiduwa da sukari, na zuba ruwan lemon da gogaggen bawon, na ɗora a kan tururi ina juyawa. Da farko tsululu yake kamar ba zai taɓa kama jikinsa ba, har hannuna ya gaji. Can sai na ji cokalin ya fara nauyi. Na ɗago shi na ja yatsa a bayansa, layin ya tsaya bai haɗe ba. Na sauke, na jefa bota gutsure-gutsure tana narkewa, na tace, na ɗura a kwalabe. Na mangwaron ya fito jawur kamar gwaiduwar kanta, da ɗan tsamin lemo a ƙarshen harshe. Da yake wuta ba ta zama, na aika aka sayo ƙanƙara na jera kwalaben a kula. Da yamma maigidan ya shigo da burodi. Hajiya ta ɗanɗana a kan yatsa, sannan ta miƙo burodinta ta ce a ƙara mata na mangwaron.

Washegari yarinyar ta tashi da rigima. Duk wanda ya ɗauke ta sai ta banƙare tana kuka. Na ga gefen jikinta ya yi ja, na ce ƙurajen zafi ne suka ƙaru, na barbaɗa mata hoda. Haka muka wuni.

Safiyar da ta biyo baya na cire mata riga zan yi mata wanka. Sai da na ajiye soson na ja da baya. A haƙarƙarinta na dama fatar ta tashi ta ɗuri ruwa kamar ƙunar tafasasshen ruwa, kuma ba a warwatse ba. Layi-layi ne, dogaye, a jere, sun zagaya ta baya. Na juya ta. Na hagu ma haka. A gaba, ƙasan ƙirjinta, tabo ɗaya a kowane gefe, gajere mai kauri. Ban so in gane abin da nake gani ba, amma idona ya riga ya gane. Hannu ne. Yatsu a baya, babban yatsa a gaba, kamar wani ya riƙe ta da hannun wuta.

Ban san lokacin da na kira Hajiya ba. 'Yar fari ce, a gaban Hajiya ko sunanta ba na faɗa, ban taɓa yi mata wasa tana kallo ba. Ranar ma nuni kawai na yi mata. Hajiya ta sunkuya, ta daɗe tana dubawa, bakinta yana motsi. Ta ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙawata, wa ya taɓa ki?”

Aka tsayar da maigidan yana shirin fita. Ya duba, ya ce a kai ta asibiti. Hajiya ta ce a bari tukuna a yi mata tofi, wannan bai yi kama da ciwon asibiti ba. Ta ɗauko man zaitun ta tofa ta shafa mata a goshi da tafin ƙafa, aka zuba habbatus sauda a garwashi hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Ita kuwa yarinyar kuka take har muryarta ta dushe.

Kafin hantsi ya dubi ludayi labari ya kai Gwale, inda babbar yayar maigidan take aure. Ta iso da mayafinta a hannu. Mace ce mai zafi, tana son yarinyar kamar ta haɗiye ta, kuma idan ta yi magana a gidan ba a cika musa mata ba. Tana ganin jikin ta dafe ƙirji.

“Wannan ai ba aikin aljani ba ne, Hajiya. Hannun mutum ne. Ke, wa ya ɗauke ta a 'yan kwanakin nan?”

Na ce, “Babu kowa, Yaya, sai mu na gida.”

“Ki tuna dai. Ba ta fita ko'ina ba?”

Na ce shekaranjiya ta je gidan Goggo kallon kaji.

Yaya ta dubi Hajiya. Hajiya ta sunkuyar da kai ta ce, “A'a. Shekara nawa muna tare da matar nan.”

“To 'ya'yanta nawa suka rayu?” in ji Yaya. “Ita kaɗai a gida kamar mujiya, kullum idonta a kan 'ya'yan mutane.”

Ba wanda ya furta kalmar a lokacin, amma kafin azahar ta fita daga ɗakin, ta zagaya lungun, ta dawo mana a bakin matan da suke shigowa dubiya. Mayya. Kowace ta shigo sai a ɗaga rigar yarinyar a nuna mata, ta yi salati, ta tuna wani abu. Wata ta ce akuyarta ta mutu bayan Goggo ta yaba ta. Wata ta ce ita dama ba ta taɓa yarda da kallonta ba. Waɗannan duk matan da suke sayen ƙwai a hannunta ne.

Goggo da kanta ta zo. Ta ji kukan ta katanga, ta shigo da sallamarta, tana tambaya ko jikin yarinyar ne. Yaya ta tare ta a tsakar gida ta ce an gode, barci take. Ina leƙe ta labule. Goggo ta tsaya, ta dubi matan da suka yi cirko-cirko ba wadda ta amsa gaisuwarta, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta juya. Da ta waiwayo wajen ɗakina sai na saki labulen na matse 'yata. Tsoronta nake ji a lokacin, tsoro na gaske, har yatsun nan nata dogaye da suka sha yi mini kitso na riƙa gani a idona.

Yaya ta yanke magana: kafin magariba za a kira Goggo ta tsallaka yarinyar, ta sakar mata kurwa. In ta ƙi, akwai samarin lungu. Na ji ana cewa wasu har sun fara taruwa a bakin soro.

Bayan azahar na shige uwar ɗaki da yarinyar don in ba ta nono. Ta gaji da kuka, ta yi laƙwas. Na zaunar da ita a kan gado ina neman inda zan kama ta ba tare da na fama ciwon ba. Na kai hannuwana kusa da jikinta, ban taɓa ba, sai na tsaya. Yatsuna sun hau kan shatin daidai. Na matsar da su, na sake mayarwa. Tsawon ɗaya, tazarar ɗaya. Ƙaramin yatsana na dama a karkace yake tun ina yarinya da ƙofa ta datse shi, bai miƙe ba har yau. Layin ƙarshe na wannan gefen shi ma a karkace yake, ya bauɗe daga 'yan uwansa.

Ban taɓa jin abin da na ji a wannan lokacin ba, ko a ɗakin haihuwa. Sanyi ya taso mini daga ƙafa, kunnena ya toshe, surutun matan da ke tsakar gida ya koma kamar daga cikin rijiya. Tun muna yara muke jin cewa maita a nono ake shan ta, kuma wai wani yana da ita bai sani ba. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, daga nesa aka auro ta, danginta ban san kowa ba sai wata ƙanwarta da na taɓa gani sau ɗaya. Me na sani game da abin da na sha? Na dubi tafin hannuna, jan lallen wani biki da muka yi bai gama fita ba, na ji kamar ba nawa ba ne. Yarinyar ta miƙo hannu tana son in ɗauke ta. Na ɓoye hannuwana a baya, na ja jiki na manne da bango. Tana kuka ina kallonta, na kasa taɓa ta.

A haka maigidan ya same mu da ya dawo daga masallaci. Ya ce, “Lafiya? Ba kya jin kukanta ne?”

Na ce, “Malam, rufe ƙofar.”

Ya rufe. Na nuna masa. Ya riƙe wuyan hannuna ya daidaita yatsuna a kan shatin da kansa. Ya dubi yatsan, ya dubi layin. Na zuba wa fuskarsa ido ina jiran in ga ya ja da baya. Kafin ya buɗe baki na gama ganin an mayar da ni gidanmu, an raba ni da ita, yara suna bina da jifa.

Ya ce, “Kin gaya wa wani?”

Na girgiza kai.

“Ɗauko hijabinki.”

Shi ya ɗauki yarinyar, ya tallafe ta ta ƙasa. A tsakar gida Yaya ta sha gabansa, ta ce asibiti ba su san wannan ba, allura ɗaya za su yi mata a rasa ta. Ya ce, “Yaya, ki yi haƙuri, 'yata ce.” Ban taɓa jin ya gaya mata haka ba. A soro ya tsaya ya dubi samarin, ya ce duk wanda ya taka ƙofar gidan tsohuwar nan kafin ya dawo, shi da shi ne a gaban mai unguwa. Muka bi lungu har bakin titi muka tari adaidaita. Duk tsawon hanyar hannuwana suna cikin hijabi, a dunƙule.

A asibitin ma ba sauƙi na samu ba da farko. Nas ɗin da ta fara duba ta ta ɗaga rigar, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “Wa ya ƙona ta?” Na ce ban sani ba. Ta ce, “Ke ce uwarta?” Na ce ni ce. Ta kira wata suka yi magana ƙasa-ƙasa suna kallona. Na ce a raina su ma sun gani.

Aka shigar da mu wurin likita, wata mace mai ɗan shekaru da tabarau. Ba ta yi salati ba, ba ta ja da baya ba. Ta haska fitila ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko akwai zazzaɓi, ko tana cin abinci, ko ruwan zafi ya zuba a kusa da ita. Ta tambayi yaushe ya fara. Sannan ta ce, “Malama, mu ga hannunki.”

Na dubi maigidan. Ya gyaɗa mini kai. Na fito da su kamar mai miƙa wuya. Ta juya su, ta ture awarwarona sama. A wuyan hannuna na hagu akwai wani siririn layi mai duhu da ya gangara wajen gwiwar hannu, kamar sawun ɗigon ruwa. Na ji yana ɗan yi mini zafi tun jiya, ban bi ta kansa ba.

“Kin yi aiki da lemon tsami kwanan nan?”

Tambayar ta zo mini a baibai. Maigidan ne ya ce, “Rabin buhu muke da shi a gida. Shekaranjiya ta wuni tana matsa.”

“Kin ɗauke ta hannunki da ruwan lemon?”

Sai kurfotin ya faɗo mini, da hannunta a miƙe, da yadda na cafke ta. Na ce, “Za ta taɓa wuta ne.”

“Babu riga a jikinta? Daga nan ta shiga rana?”

Na ce har azahar.

Likitar ta cire tabaraunta ta ce shi ke nan. Ta ce akwai wani abu a ruwan lemon tsami, ya fi yawa a bawon, wanda shi kaɗai ba ya yin komai, amma idan ya zauna a fata rana ta buge shi sai ya ƙone wurin, kuma ba a ranar yake nunawa ba sai an kwana. Tafin hannu yana da kauri, ni kuma a inuwa na zauna, shi ya sa na tsira da ɗan layin nan. Ita fatar yaro ce, kuma ta sha rana. Ta ce za a wanke, a sa magani, kada a fasa ƙurajen, a rufe wurin daga rana. Zai warke, amma zai bar baƙin tabo mai siffar hannun, zai daɗe kafin ya baje, kada mu tsorata.

Na ce, “Likita, ba ni ba ce ke nan?”

Ta ce, “Hannunki ne, amma lemo ne da rana. Da ba ki ɗauke ta ba, da ƙunar da za ki kawo mini ta fi wannan.”

A nan na fashe da kukan da na riƙe tun safe, a gaban maigidan, a gaban nas ɗin da ta dawo da auduga. Na karɓi 'yata daga hannunsa. Ban sake ta ba har muka iso gida.

Mun tarar ba a shiga gidan Goggo ba, amma wani ya jefa dutse ta katanga ya fasa mata tukunyar ruwan kaji, ita kuma ta kulle ƙofarta tun azahar. Maigidan ya tara mutanen gida ya faɗi abin da likita ta ce. Na nuna wuyan hannuna, na ɗora yatsuna kusa da bandejin don su gani. Yaya ta ce, “Lemon da muke sha tun muna yara? Lemon da ake wanke amarya da shi? Su dai likitoci ba sa rasa abin faɗa.” Na ga wasu suna gyaɗa kai. Wata kuma na ga ta ƙura wa hannuna ido, ta jawo ɗanta kusa da ita. Tsoron da na baro a asibiti ya dawo mini sabo.

Maigidan bai yi musu da kowa ba. Washegari da safe ya ɗauki lemo ɗaya daga buhun, ya yanka a gaban Hajiya da Yaya, ya naɗe hannun rigarsa, ya goga ruwan da bawon a damtsensa, layi biyu a gicciye. Ya fita kasuwa a haka, ya ce ya ja kujerarsa bakin shago ya zauna a rana har 'yan uwansa 'yan kasuwa suna tambaya ko lafiya. Ranar babu abin da ya fito. Kwanan da na yi ina jira, Allah kaɗai ya san shi, don na san idan fatarsa ba ta tashi ba, ko ni ko Goggo ɗaya ba za ta zauna a lungun ba. Sai ga wurin ya yi ja. Kafin wani wunin ya tashi ya ɗuri ruwa, layi biyu a gicciye, yadda ya zana su.

Hajiya ta riƙe damtsen nasa tana kallo. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta, ta ce da ni, “Taso.” Ta ce da Yaya, “Ke ma.”

Goggo ta daɗe kafin ta buɗe. Ta rame a 'yan kwanakin nan, idonta ya faɗa. Ta shimfiɗa mana tabarma. Hajiya ta yi bayani tun daga farko, ta ce, “Mun ɗauki alhakinki, ki yafe mana don Allah.” Yaya ma ta ba da haƙuri, kanta a ƙasa. Ni na kasa haɗa ido da ita. Goggo ta saurara har aka gama, tana murza bakin zanenta. Ta ce, “Yaya jikin yarinyar?” Aka ce da sauƙi. Ta ce, “To alhamdu lillahi. Allah ya yafe mana baki ɗaya.”

Maigidan ya riƙa nuna damtsensa a masallaci da majalisa, liman ma ya yi magana bayan sallah ba tare da ya kama suna ba. Manya suka daina, amma yara sun riga sun ji, sun daɗe suna rugawa idan ta fito zubar da shara. Masu sayen ƙwanta suka ragu. Ni na ci gaba da aikawa ana karɓo mini, ita kuma ba ta sake kawowa da kanta ba.

Ciwon ya warke, tabon ya yi baƙi ƙirin kamar yadda likita ta faɗa, hannuna biyu a jikin 'yata. Kullum na zo yi mata wanka sai gabana ya faɗi, ko da na san dalili. Har damina ta wuce tabon yana nan, sai a hankali ya riƙa dusashewa. Man lemo kuwa na daɗe ban sake yi ba. Da na koma yi, sai yarinyar tana ɗakin Hajiya, kuma ina gama matsa nake wanke hannu da sabulu har gwiwa.

Da ɗan Goggo ya zo hutun sallah ya ji abin da ya faru, ya ce ba zai bar ta ba. Ta sayar da kajin, ta raba tarkacenta. Ranar da za su tafi na shiga da yarinyar mu yi sallama. Tana ganinta ta saki zanena ta ruga ta rungume ƙafafunta. Goggo ta tsaya ƙiƙam, hannuwanta a cikin mayafi, tana kallonta tana murmushi.

Na ce, “Goggo, ɗauke ta mana.”

Ta ce, “A'a, 'yar nan. Ta yi nauyi yanzu.” Ta sunkuya ta ce da ita, “Allah ya raya ki.” Ɗanta ya leƙo daga soro ya ce mota tana jira a bakin titi.